Famfon Ya Kura

Legas, 3 ga Maris, 1977

Zuwa ga yayata Ya Kura,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da Malam Daudu da yara. Bayan haka, na ji an gama dam ɗin wajenmu, har an ja muku famfo. Na yi murna ƙwarai. Mu nan gada ake ɗorawa kan gada, gara ku ma ku ɗanɗana arzikin man nan.

Na sami kujerar Makka. Kafin in tashi zan zo in yi addu'a a kabarin Inna da ke bayan ɗakinta, tunda ban sami jana'izarta ba. A share mini wurin.

Ƙanenki,
Dunoma

Sabuwar Unguwa, ƙasar Roni, 28 ga Maris

Dunoma,

Muna lafiya, Allah ya sa ka yi karɓaɓɓiya. Babu wurin sharewa. Dam ɗin da kake murna da shi a kan garinmu yake zaune. Tun bara aka kwashe mu a tifa zuwa kan tudu. Gidanmu, fadamar Baba, kukoki, har Inna, duk suna ƙarƙashin ruwa. Malamai sun ce kada a tone kowa. Na rasa bakin gaya maka ne.

Yayarka ta gaishe ka,
Ya Kura

Legas, 15 ga Afrilu

Ya Kura,

A tsaye na fara karanta takardarki, a ƙasa na ƙarasa ta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara guda kina aiko mini da gaisuwa da daddawa, uwarmu tana cikin ruwa? Abin da ya fi gigita ni, ashe ruwan da ke kanta kuke sha, da shi kuke tuwo. Don Allah ki daina ɗiba, ku haƙa rijiya. Ni kam ba zai shiga bakina ba.

Ki huta lafiya,
Dunoma

Sabuwar Unguwa, 9 ga Mayu

Dunoma,

Na gaishe ka. Tudun nan dutse ne, maza sun haƙa gaba goma ba su ga laima ba. Kuma ko akwai rijiya, ba zan bar famfon ba. Shekara talatin ina ɗauko tulu daga rafi, tun kana makaranta. Kurkunu ya kwantar da Inna damina bakwai, bana ko mutum ɗaya bai kama ba. 'Yata Amna ta shiga aji ɗaya, tunda ba ɗiban ruwa.

Kada ka ce ba ya damuna. Ranar da na fara tara kwano sai da na yi kuka, sannan na sha.

Ka zo. Za mu shiga kwalekwale in nuna maka daidai wurin. Amma ka taho da ruwanka daga Legas, mu nan ba mu da wani.

Allah ya kawo ka lafiya,
Ya Kura