Yinin Da Muka Kai Baba Katsina

Ƙanƙara,
Jihar Katsina.

Zuwa ga ƙanwata Hamida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta iske ki lafiya, ke da maigidanki Malam Gide da yara. Yaya Ibadan, yaya kuka yi Sallah? Allah ya karɓi ibadarmu, ya maimaita mana, ya ƙara maku lafiya da rufin asiri a ƙasar mutane. Mu nan lafiya lau sai zafi. Gabas ta fara haɗa hadari, amma har yau ko ɗigo bai sauka ba. Mai ɗakina Hafiza tana gaishe ki, ƙafar nan da ke damunta ta yi sauƙi. Nana Khadija ta yi tsawo, in kin gan ta ba za ki gane ta ba. Alheri ta ɗan'uwanmu marigayi Mas'udu ta saba da mu. Tunda uwarta Talatu ta gama takaba ta koma wajen iyayenta Sabuwa, ɗakin Hafiza take kwana. Kasuwa alhamdulillahi, sito cike yake, motoci na kan hanya. Direbana Rabo ne zai kawo maki takardar nan tare da gero da kuka da daddawa, sai ki ba shi amsa in zai juyo.

Na san za ki ce ga waya, me ya kawo takarda. To, duk sadda muka ɗauko maganar Baba a waya kuka kike sawa, ni kuma sai in yi shiru, ke kuma ki ɗauka ban damu ba. Shi ya sa na zauna in rubuta maki daki-daki. Kin ce mani ko ta halin ƙaƙa kada in bar Baba ya koma ƙauyenmu Tafoki daminar bana. Ni ma abin da na ƙudurta ke nan. Tun da mutanen daji suka kashe Mas'udu a bakin gona bara, na ɗauko Baba na kawo shi nan, bai taɓa cewa wani abu ya yi mashi ba daidai ba. Amma tun azumi na lura in ya fito sallar asuba sai ya tsaya yana kallon gabas. Ran nan na iske shi a soro ya zazzage irin dawarshi a faranti yana tsincewa, irin nan da ya ƙullo cikin tsumma ranar da muka baro gari. Na wuce na bar shi. Kin dai san tsakanina da shi. Ni ne ɗan fari, tun da na yi wayo bai taɓa kiran sunana ba. In zai yi maganata sai ya ce yayan Hamida, in kuma ni zai yi wa magana sai ya yi gyaran murya ya ce kai. Ko a kwano ɗaya ba mu taɓa sa hannu ba.

Kin kuma san ni. Da dako na fara a kasuwar garin nan, karatuna bai wuce tsakiyar sakandare ba, ba wanda ya ɗaga ni sai Allah, kuma ban saba in sa abu gaba ya gagare ni ba. Don haka ban tsaya roƙo ba, aiki na yi. Na sayi gida a Katsina ban gaya wa kowa ba sai Hafiza. Akwai ɗaki a ƙofar gida irin wanda yake so, da famfo, da darbejiya a tsakar gida, masallaci kuma na kallon ƙofar. Dabarata ita ce in kwashi kowa mu yi yawon Sallah a birni, in ciyar da shi abin da bai taɓa ci ba, in kai shi wurin shaƙatawa ya ga yadda mutane ke zaune ba fargaba, sai a hanyar dawowa in karkata mota in tsaya ƙofar gidan in danƙa mashi makulli. Har maganar da zan faɗa na shirya, na yi ta bitarta a sito.

Da hantsi muka tashi, don kin san hanyar ba a yi mata sammako ba a kuma yi mata yamma. Baba na gaba kusa da ni, ya rungume sandarshi, Hafiza da 'yan matan na baya. Har muka wuce Dutsin-Ma gonaki kawai yake kallo, wanda aka yi wa sharar gona da wanda aka bari. Alheri ce ta dame shi da tsokana, wai ita ta fasa auren, ba ta son miji mai gemu fari da haƙora huɗu. Ya ce ai shi ma dama ya gaji da amaryar da ba ta iya dama fura ba, Nana zai riƙe. Nana ta ce Allah ya kiyaye, ita mai mota take jira. Suka yi ta dariya. Na ji dariyar sarai, amma kamar daga gidan maƙwabta take fitowa.

Da muka shiga birni na kai su wani gidan abinci mai ƙofar gilashi, irin wanda za ka tsaya ka nuna abin da kake so a zuba maka. Sanyi kamar cikin firji, ga talabijin ana ƙwallo. Na sa aka haɗa mana tebura biyu wuri ɗaya. A bakin ƙofa Hafiza ta ja hannun rigata ta ce a hankali, Alhaji a raba mana wuri mana. Na ce mata nan birni ne, ta dubi sauran mutane, kowa da iyalinshi tebur ɗaya. Na ce a kawo kaji gasassu da soyayyar shinkafa da dankali da lemo mai sanyi, a cika teburin. Aka cika shi kuwa. Hamida, daga nan fa aka zauna. Baba ya juya kujerarshi rabi yana kallon bango, don ba zai tauna abinci gaban surukarshi ba. Hafiza ta ja mayafi ta rufe baki, ta sunkuyar da kai kamar mai karɓar gaisuwa. Ni da na ce nan birni ne, na ɗauki cokali na kai rabin hanya, na ga ƙeyar Baba a gabana, hannun ya ƙi ƙarasawa. Yaran suka tsinci dankali ɗaiɗai, da suka ga manya sun yi tsit su ma suka janye hannu. Yarinyar da ta kawo abincin ta dawo ta tambaya ko gishiri ne ya yi yawa. Nana ta raɗa mani wai Abba wannan na kallo ne ko na ci. Da a da ne da kunya ta kashe ni, ko in yi faɗa. Ni dai na zauna ina kallon maiƙon kazar yana daskarewa. Daga ƙarshe Hafiza ce ta yi wa yarinyar alama, aka juye mana komai a robobi aka sa a leda.

Wurin shaƙatawar ba nisa. Cike yake da 'yan yawon Sallah, yara da sababbin kaya, masu hoto, masu askirim, ga lilo iri-iri har da mai juyawa sama. Wannan karon ban haɗa kowa wuri ɗaya ba. Hafiza ta ɗauki leda ɗaya ta ja 'yan matan can gindin wata bishiya ta ba mu baya, kafin ka ce me sun buɗe suna ci. Baba ya nufi wata inuwar ya cire takalmi ya zauna kan ciyawa. Ciyawa kore shar, Hamida, a tsakiyar bazara. Ya shafa ta, ya tura yatsa cikin ƙasar ya ciro ya duba. Akwai wani mutum can yana ban ruwa da tiyo, Baba ya yafito shi ya tambaye shi dabbobin wane ne ke kiwo a nan. Mutumin ya yi dariya ya ce Baba ai ba a kiwo, ta ado ce, in ta yi tsawo a aske a zubar. Baba ya ce ikon Allah, ya sake cewa ikon Allah. Sai Alheri ta rugo da maiƙo a baki ta ce tsoho ya taso ya tura ta a lilo in yana son ta dawo ɗakinta. Ya tashi ya je. Na tsaya ina kallonshi yana tura lilon nan da hannayen da suka shekara sittin kan garma, yarinyar na ihu wai ya ƙara, ya ƙara. Fuskar ubanta sak. Na sa hannu a aljihu na taɓa makullin, na ce in ya dawo zan fara.

Da ya dawo ya zauna, na aje mashi ledar a gabanshi na matsa gefe zan ba shi wuri ya ci, kamar yadda aka saba. Ya wanke hannu da ruwan leda, ya buɗe roba ɗaya, ya yage cinyar kaza. Sai ya ce, Uwais, matso mu ci. Haka ya faɗa, da sunana, yana kuma kallon fuskata. Na waiga, wallahi na ɗauka wani yake kira. Na matso. Muka sa hannu a roba ɗaya, yana turo mani tsokar yana jan ƙashin wajenshi, shi mai haƙora huɗu. Muna cikin ci ya ce ya gode, ya ga birni, ya ga inda arzikina ya kai, Allah ya ƙara. Ya ce a gidana ba abin da ya rasa, amma ya zama kamar buhu a sitona, an ɗora shi kan katako ruwa ba ya taɓa shi, ba kuma abin da yake yi. Ya ce gonar nan in ta ƙara damina ɗaya ba a taɓa ta ba ta zama daji, daji kuma na san masu shi. Ya ce Mas'udu na kwance can ba mai share mashi kabari. Tsofaffin unguwa sun fara komawa, shi ma ruwan farko a Tafoki zai iske shi in Allah ya so. Ba shawara yake nema ba, gaya mani yake yi. Ya ce in riƙe Alheri da kyau, in kuma riƙa kiran ki ko da ba ni da abin faɗa.

Duk maganar da na yi bita a sito tana nan a kaina, ba wadda na manta. Makullin na aljihuna, ina jin sanyinshi a cinyata. Ban fito da shi ba. Na ci gaba da tauna naman, ban ji gishiri ba ban ji yaji ba. Ba zan ɓoye maki ba, tun ranar da muka rufe Mas'udu haka nake. Mutane na ta yaba mani wai Alhaji akwai tawakkali, ko hawaye bai yi ba. Ba tawakkali ba ne. In riba ta shigo ba na jin daɗi, in mota ta lalace a hanya ba na jin haushi. Shekara da shekaru ina son in ji sunan nan a bakin mutumin nan, ga shi ya faɗa, ni kuma ina zaune kamar an yi mani allurar kashe zafi. Abu ɗaya dai na fahimta: dattijo irin Baba ba ya aje kunyar ɗan fari don ya ga lilo. Mai sallamar bankwana ne ke yin haka.

Muka yi azahar da la'asar a masallacin wurin, muka kamo hanya da sauran rana. Da muka zo kwanar da ke shiga unguwar da gidan yake, na ga Hafiza ta madubi tana kallona. Na miƙe ban karkata ba. Har yau ba ta tayar da maganar ba. Yaran suka yi barci, Baba na jan carbi.

Ya tafi ranar Alhamis. Ni na kai shi da kaina har inda kwalta ta ƙare, na sa aka ɗaura mashi taki da hatsi da magungunanshi a bayan mashin. Na ba shi waya na ce ya riƙa hawa tudun bayan masallaci da safe, nan ne ake samun sabis. Da zai hau ya yi gyaran murya ya ce kai, a gaida gida. Shekaranjiya mun yi magana, ya ce lafiya lau, ya gyara danga, ya fara sassabe. Ki yi haƙuri, Hamida. Kin ba ni aiki ɗaya ban yi ba. In kin same shi a waya don Allah kada ki yi mashi kuka, ki tambaye shi dawa, zai yi maki hira har katinki ya ƙare. Gidan Katsina na nan a rufe, ban sa haya ba, na dai ce wa maƙwabci ya riƙa zuba wa darbejiyar ruwa.

Ki gaishe mani da Malam Gide da kyau, ki ce ina godiya da addu'a. Ki shafa mani kan Muhammad Awwal da Ikhlas, ki ce masu kawunsu na nan bai manta da alkawarin keke ba. Hafiza da Nana da Alheri duk suna gaishe ku. Allah ya jiƙan mahaifiyarmu Dada, ya jiƙan Mas'udu, ya tsare mana wanda ya rage.

Sai abu ɗaya da nake so ki rubuto mani a hannun Rabo, kuma gaskiya nake so ba lallashi ba. Ke kin fi kowa zama da Baba yana hira. In ba na nan, ya taɓa ambatar sunana a gabanki? Ko sau ɗaya, ko da suɓutar baki. In dama ya saba faɗa a bayana, to wataƙila ranar nan bakinshi ne kawai ya suɓuce, ba sallama ba ce. In kuma bai taɓa ba, shi ma ki gaya mani.

Wassalam. Ni ne yayanki,
Alhaji Uwais, Ƙanƙara.