Ku Cire Hotona, Ni Ba Amina Ba Ce

Zuwa ga Manajan kamfanin kai baƙi yawon buɗe ido, mai ofis a saman bene a Sabon Gari, Zariya.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Sunana Rukayya, ina aji biyu na babbar sakandare a Samaru. Ban saba magana a gaban manya ba, ko a aji sai malami ya kira sunana sau biyu muryata take fita. Shi ya sa na rubuta. Na kuma rubuta inda kowa zai karanta, tunda ku ma inda kowa zai gani kuka sa ni.

Ni ce yarinyar da ke bangon takardar tallanku da shafinku na intanet, wadda take riƙe da taɓarya ba takalmi. A ƙarƙashin hoton an rubuta da Turanci cewa sunana Amina, ban taɓa shiga aji ba, kuma duk baƙon da ya bi ku yawo yana taimaka mini in shiga. Ga yadda aka yi, ko da ma'aikatanka ba su faɗa maka ba.

Na ɗaya. Ranar wata Juma'a bayan ƙaramar Sallah na je kwana biyu wurin Kakata, a ƙauyenmu da ke bayan Samaru, tafiyar minti ashirin a keke napep. Na tafi da littattafaina don jarrabawa ta matso. Da la'asar jagoranku, wani mai jar hula, ya zo tare da mai unguwa, ya ce gobe za a kawo baƙi daga ƙasar waje su ga al'ada. Kaka ta ce baƙo ai nata ne, a kawo su. Sai ya fara gyara mana gida. Ya sa aka sauke sola daga rufi, aka kai bokitan roba da rediyo ɗaki aka rufe, aka kewaye tankin ruwan burtsatse da zana. Ya tambayi turmi. Turmin Kaka ya fi shekara biyar kaza ce ke ƙwai a ciki, domin inji muke kai niƙa kamar kowa. Aka kori kazar.

Na biyu. Da safe ya dube ni ya ce na dace. Ya sa na cire takalmi, na ɗaura tsohon zanin Kaka, ya kuma ja mini kunne kada in kuskura in yi Turanci, wai yana ɓata wa baƙi yawo. Ban taɓa ce wa babba a'a ba, sai na bi. Ranka ya daɗe, an hana ni faɗa ne, ba a toshe mini kunne ba. Ina daka ina jin sa yana gaya musu cewa kullum nakan yi tafiya mai nisa kafin in samo ruwa, alhali ya jingina da zanar da ta rufe tankin. Ya ce ban taɓa ganin littafi ba. Wata dattijuwa cikin baƙin ta kama hannuna, ta ga bororon da taɓarya ta yi mini, ta fashe da kuka. Ya ce mata wahalar shekaru ce. Bororon minti goma ne, don ban iya daka ba. Ta tambayi sunana a hankali, kalma bayan kalma, ni kuwa na sunkuyar da kai. Har yau wannan shirun yana damuna.

Na uku, namun daji. A takardarku kun yi alkawarin tsuntsayen daji da ba a cika gani ba. Zabbin Kaka ne guda goma sha ɗaya, aka kora su cikin ciyawa bayan gari. Baƙi suka durƙusa da kyamarori suna raɗa, har wani mai furfura ya kwanta rub da ciki. Ba wanda ya tuna ya gaya wa Kaka ta jinkirta ba su dawa. Da lokaci ya yi ta fito ta kira su, tsuntsayen daji suka ruga gida ta tsakanin ƙafafun baƙi. Na yaba wa jagoranku, ko ido bai ƙifta ba. Ya ce wani sirri ne da tsohuwar ta gada kaka da kakanni. Kunkurun da suka ci karo da shi a gindin kuka kuwa, da idona na ga direba ya fito da shi daga kwalin taliya, kuma da idona na ga ya mayar da shi. Ina fata ana ba shi ruwa.

Na huɗu, kuma shi ne dalilin wasiƙar nan. Da a ce tsokanar 'yan ajinmu ce kawai, da na haƙura. Suna kirana Amina, suna nuna mini harafin A a allo su ce in gwada. Wannan zai wuce. Amma mahaifina malamin firamare ne, kuma duk ƙarshen hutu yakan bi gida-gida a ƙauyen yana roƙon iyaye su sa 'ya'yansu mata a makaranta. Akwai wani maƙwabcin Kaka, Malam Isa, mai 'ya'ya mata biyu, Baba ya shekara biyu yana lallashinsa, bana ya kusa yarda. Sai ɗan Malam Isa ya nuna wa uban hoton a waya ya fassara masa. A gaban mutane bayan sallar Juma'a Malam Isa ya ce wa Baba ya zaɓa: ko dai 'yarsa ba ta karatu, ko kuwa tana yi amma ya ɓoye don ya ci da sunanta wurin Turawa. Mutane suka yi dariya. Tun ranar Baba bai sake zuwa gidan kowa ba. Saura mako uku a fara ɗaukar sababbin ɗalibai.

Na biyar. Sau biyu na hau benenku. Karo na farko aka ce ka fita, ko da yake ina jin muryarka kana waya. Karo na biyu sakatariyarka ta dubi kayan makarantar da ke jikina, ta dubi takardar, ta ce ai na yi kyau a hoton, in gode wa Allah, wasu nema suke yi. Na gode wa Allah, na sauko.

Ban ƙi a kawo baƙi ba. Kaka ta ji daɗinsu, har yanzu tana tambayar mai kukan nan. Muna da masu jimar fata da maƙera da mata masu saƙa, kuma ba sai an kori kaza ba kafin a gan su.

Ga roƙona. Ku cire hoton daga shafinku, ku daina raba takardar. Ku rubuta wa dattijuwar nan ku gaya mata sunana da ajina, ta huta da kukan yarinyar da babu ita. Sannan, ranka ya daɗe, kafin mako ukun nan su cika, ka zo ƙauyen da kanka ranar Juma'a, ka tsaya a ƙofar masallaci inda aka yi wa Baba dariya, ka faɗa da Hausa cewa ku kuka ƙaga labarin, shi bai san da shi ba. Minti biyu ya isa. 'Ya'yan Malam Isa sunansu Hassana da Usaina, shekararsu bakwai, kuma maganarka suke jira.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa albarka a sana'arka ta halal. Allah Ya raya maka 'ya'yanka mata, Ya ba su ilimi, Ya kare su daga ganin fuskarsu a takardar wani da sunan da ba nasu ba.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Rukayya, Samaru.