Ƙosai a Cikin Wasiƙar Makulli

Assalamu alaikum Kaka,

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ni ce jikarka Hauwa'u, wadda kake kira amaryarka. Ka san ba ni da baki a gaban manya, shi ya sa na rubuto maka a nan, kowa ma ya karanta.

Kaka, an zazzage akwatinka na ƙarfe, wanda ka yi shekara da shekaru kana tara wasiƙun tsofaffin 'yan ƙwallon Kano a ciki, da hotunan da suka sa wa hannu. Ina tuna yadda kake tuƙa kekenka daga Gyadi-Gyadi har Hotoro don kawai wani tsoho ya rubuta sunansa a bayan hoto. Ran Juma'a sai na wanke hannu kafin ka bari in taɓa, in karanta maka na Turancin. Kakan ce, "Sun yi ƙwallo ba takalmi, kada kuma su mutu ba suna."

Bayan sadakar arba'in, Kawu Sani ya ce zai sa ɗan haya a ɗakinka. Ya zauna a tsakar gida ya kasa takardun gida biyu. Duk wadda ta fara da Bismillah ya ce ba a wulaƙanta sunan Allah, ya ƙona ta cikin ladabi. Na Turanci kuwa ya ce ba su da wata alfarma, ya kwashe ya ba Iya mai ƙosai ta bakin titi. Waɗanda aka girmama wuta ta ci, waɗanda aka raina mai ya sha. Na roƙi a bar min ko ɗaya, ya ce ina ruwan mace da ƙwallo, in je in yi karatun jarrabawa.

Ka tuna Baba Sunday na Darmanawa, mai tsaron ragar da ake wa laƙabi da Makulli? Ya zo ta'aziyya a makare, ana riƙe masa sanda, don idonsa ya tafi. Ya nemi wasiƙar Turancin da ya ba ka ajiya, wadda aka aiko masa yana saurayi ana gayyatarsa wasa a Legas, abokan wasansa duk suka sa hannu a bayanta. Ya ce jikokinsa dariya suke yi in ya ce ya taɓa tsaron raga, yana so su gani kafin ya mutu. Kawu ya ce bai ga wata wasiƙa ba, ya raka shi bakin ƙofa.

Tun daga ranar nake sayen ƙosai kullum kafin in wuce makaranta, ko ba na jin yunwa. Iya har tsokanata take, wai ko miji na samu nake neman ƙiba. Kunya ta hana ni gaya mata cewa takardar ƙunshin nake bi.

Shekaranjiya na same ta. Rabi ce, mai ya jiƙe ta, tawada ta narke, da launin takardar kawai na gane ta. Bayan an tashi daga makaranta na kai masa. Ya shafa ta, ya kai hanci, ya ce, "Ƙosai nake ji, 'yata. Karanta min."

Na karanta masa ita daga farko har ƙarshe, har da rabin da babu, da sunayen abokansa ɗaya bayan ɗaya, don a gabanka na haddace ta. Yana ta gyaɗa kai. Sai babbar jikarsa ta leƙo kafaɗata, ta ce ita ba ta ga rubutun komai ba, sauran suka tuntsire da dariya. Shi kuwa ya miƙo hannu ya karɓi takardar. Ya ninke ta a hankali ya sa a aljihun gaba.

Allah Ya jiƙanka, Kaka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa sunanka na cikin rubutun da wuta ba ta ci, mai ba ya gogewa. Kawu kuwa ina gaishe shi kullum da safe, har ƙasa, kamar yadda ka koya min. Iyakar abin da zan iya ke nan tukuna.

Amaryarka,
Hauwa'u