Kalandar da Jethro Bai Gani Ba

Unguwar Television, Kaduna
Yuni 1999

Yaya Hephzibah,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, da maigida da yara. Yaya ƙafar Mama? Na san an riga an aiko muku da labarin mijina, amma gara ki ji daga wurina.

Wata maɗaba'a ce ta ba Jethro aikin hotunan kalandar baɗi. Sun ce tunda soja sun koma bariki, kyawun ƙasa suke so a nuna, ba fuskokin manya ba. Ya yi murna ƙwarai, don ya gaji da hoton fasfo da na biki. Ya rufe shago suka tafi tafkin Kainji, shi da Malam Lawal, abokinsa na Tudun Wada da ke wanke masa fim.

Malam Lawal kaɗai ya dawo. Ya ƙi shiga ɗaki, ya tsuguna a baranda. Ya ce har sun ɗaure kayan dawowa, sai Jethro ya ce dorinar da ya ɗauka daga gaɓa ta yi nisa, yana so ya matsa kusa. Ya bar masa jakar fim, ya shiga kwalekwalen wani masunci. Dorina ta taso ta ƙasa ta kifar da su. Masuncin ya fita. Jethro kuwa, an yi ta nutso har aka gaji.

Na ce, "Malam, ka ci abinci kuwa?" Abin da ya fito daga bakina ke nan. Shi ne ya fashe da kuka, ni ina ba shi haƙuri.

Matan zumunta na coci sun cika gidan, suna waƙa suna kallon fuskata. Ina cin abinci, ina yi wa 'yarmu Tracy wanka. Ban ji komai ba tukuna, Yaya.

Ki gaishe da Mama.
Ƙanwarki,
Celina

Television, Kaduna
Satumba 1999

Yaya Hephzibah,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya damina a wajenku? Na ga gyaɗar da kika aiko, na gode.

Na daɗe ina ƙin maganar jana'iza. Na ce ba na binne akwatin da ba kowa a ciki. Sai Baba Istifanus, mahaifin Jethro, ya zo da kansa. Ya ce, "'Yata, ni tsoho ne. Ki ba ni wurin da zan tsaya in ce nan ɗana yake." Na ba shi rigar da Jethro ke sawa ranar Lahadi, da takalmansa. Su aka binne a ƙauye. Na ji wasu mata suna cewa idona a bushe. Ba su yi ƙarya ba.

Malam Lawal ya kawo hotunan. Akwai balbelu a kan wani mataccen itace cikin ruwa, da kada kwance baki buɗe, da zalɓe. Akwai wata mashiga ta siminti a gefen dam, inda ake rufe jirgi tsakanin ƙofofin ƙarfe biyu, a cika ruwa har ya hau sama. Wannan ya ɗauke ta ya fi sau goma, ban san me ya gani ba. Na duba su ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar shinkafa, na mayar cikin ambulan.

Mutumin maɗaba'a ya zo gaisuwa. Ya tambaya a hankali ko a cire hoton dorinar. Na ce a bar shi, aikinsa ne.

Ki yi mini addu'a, ni na kasa.
Taki,
Celina

Television, Kaduna
Janairu 2000

Yaya Hephzibah,

Barka da sabuwar shekara. Allah ya sa kun yi Kirsimeti lafiya. Ki yi haƙuri ban zo ba. Tracy ta yi mura amma ta warke.

Kin ce in dawo gida. Ba yanzu ba. Na ba wani tela shagon, na koma koyarwa.

Kalandar ta fito, duk inda na shiga sai na gan ta: kemis, shagon aski, har ofishin hedimasta. Dorinar suka sa a shafin farko.

Jiya na kai markaɗe wajen wata mata a Trikania, sabuwar zuwa ce, ba ta san ni ba. Ta rataye tata a bayan inji. Ta ga ina kallo, ta ce, "Kin ga ikon Allah? Kamar mutum ya je ya taɓa ta. Wanda ya ɗauki wannan ya iya aiki."

Na ce, "Ya iya."

Ta ce, "A sa ruwa da yawa ne?"

Na ce kaɗan. Na tsaya har ta gama, na ɗauki bokitina na tafi gida, na yi miya.

Ki gaishe da Mama da yara. Allah ya bar mu tare.
Ƙanwarki,
Celina