Ragar da Baba ya saƙa

Massachusetts,
ranar Lahadi.

Mama,

Ina gaishe ki. Ya jikin Baba? Hannun ya fara motsi kuwa? A gaida 'yar'uwata Colleen, a ce mata ta ci gaba da gasa masa hannun.

Ni lafiyata ƙalau. Makarantar kuɗi ba a rasa abinci, sai dai ba mai dafa ƙaguwa irin taki ta garinmu Dundalk.

Jiya muka buga lakuros, wasan nan da ake cafe ƙwallo da sanda mai raga a kai, da wata makarantar gwamnati. Da na ga motarsu mai ruwan ɗorawa, irin wadda nake shiga bara, sai da na kau da kai. Mun ci su.

Kafin a fara, alƙaliyar wasa ta duba sandunanmu, ta ce ragar tawa, wadda Baba ya saƙa mini, ta yi zurfi, ƙwallo na nutsewa. Na ja zaren don in rage zurfin, ya tsinke. Wata abokiyar wasana ta ce, “Tessa, wannan ta kamun kifi ce?” Aka yi dariya. Koci ta miƙo mini sabuwar sanda, ta ce da yamma a yanke tsohuwar ragar.

Mai tsaron gidan waccan makarantar ce kawai ta matso ta ce, “Saƙar hannu ce ko? Wa ya yi miki?” Na wuce ta na shiga fili. Sau uku na zura mata ƙwallo, Mama.

Ki aiko mini da safar sanyi. Ki gaya wa Baba na ci uku. In ya tambayi ragarsa, ki ce tana tare da ni. Ba ƙarya za ki yi ba, tana ƙarƙashin matashina.

Allah ya ba shi lafiya.

’Yarki,
Tessa