Hular da Ba a Cire Ba

Daura, ran Talata

Zuwa ga aminina Maharazu,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar taka, yaya Juwairiyya da jikoki, yaya zaman Damagaram? Malam Sabiru na bakin kasuwa ke rubuta mini, na kuwa ce masa ko wasali kada ya gyara.

Maharazu, an sayar da kamfaninmu na man gyaɗa. Na gwamnati fa, wanda ni da kai muka zuba wa buhun farko. Ran Alhamis aka tara mu gindin darbejiya, mu ɗari da arba'in. Wani mai kwat daga Katsina ya karanta takarda, ya ce wani attajiri ya saya, in akwai mai ja ya faɗa yanzu a kai sama. Sau uku ya tambaya. Wallahi har kukan kurciya na ji. Sai ya rubuta wai ma'aikata sun amince.

'Ya'yan mutanen da suka kwana goma sha ɗaya a bakin ƙofar kamfani ne fa waɗannan ma'aikatan, shekarar da injin ya cinye hannun Mahdi! Da dattijonmu Ya'u bai rasu da azumin bara ba, da ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, kowa ya san an ba da izinin magana, da mai kwat bai gane hanyar motarsa ba. Na daina amsa gaisuwar ko ɗayansu.

Naka har kullum,
Sha'aban

Daura, ran Lahadi

Aminina Maharazu,

Ina gaishe ka, ina gaida iyali, Allah ya ƙara sauƙi. Ka yaga waccan wasiƙar.

Shekaranjiya Sada ɗan Mahdi, wanda ke kan injin matsa, ya tare ni bayan Juma'a. Ya durƙusa ya tambaye ni, bayan Ya'u wa ya fi kowa daɗewa a kamfani. Na buɗe baki zan lissafa, sai lissafin ya tsaya a kaina.

Ni ne, Maharazu. Inna lillahi. Ni da na san shekarar zuwan kowane inji, na haddace sunan mamatanmu talatin da ɗaya, ni da nake koya wa kowane sabon ɗauka cewa ba a magana a taro sai dattijo ya cire hula. Ran nan ina can na zuba wa gurbin Ya'u ido a kan benci ina cizon yatsa, ashe mutum ɗari da talatin da tara kaina suke kallo. Sada ya nuna mini takardar ƙorafin da suka rubuta. Ran taron a aljihunsa ta jiƙe da gumi.

Jiya na je bakin ƙofa. Yayyanka injin ake ana loda wa manyan motoci, ashe filin kawai attajirin yake so. Na cire hula na yi ta magana har azahar. Sabon maigadi ya miƙo mini ruwa, ya ɗauka taɓuwa ce.

Tun daga nan ban mayar da ita ba. Matata Murjanatu tana ta kuka, wai tsoho da furfura yana yawo a Daura kai ba hula, me za a ce da mijinta. Na ce su faɗa. Duk ma'aikacin da ya gan ni a Kusugu ko a kasuwa, ya san an ba shi izini. Ba za ta koma kaina ba sai an sake tambayarmu.

Ka sa ni a addu'a. Wassalam.

Naka,
Sha'aban