Inna, Na Je Tsibirinku

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da ladabi da biyayya, da fatan Allah ya sa kina cikin rahamarsa. Mu nan Gaya lafiya lau muke. Baba yana nan ƙalau, Sani da Ummi sun yi wayo, damina ta yi kyau har gero ya fara fitar da kai. Ni kuma na gama firamare.

Dalilin rubuto miki shi ne, Inna, na je garinku.

Kawu Sale ne ya zo ya ɗauke ni bikin 'yarsa Ma'u. Baba ya yi ta mamakin biki a tsakiyar damina, Kawu ya ce angon ne ya matsa saboda zai koma wajen aikinsa a Kano. Ya ce, "Yaran yanzu ba sa jiran gero ya nuna." Muka hau adaidaita sahu zuwa Ajingi, daga nan babur ya kai mu har inda hanya ta ƙare, sai ga ruwa a gabanmu.

Me ya sa ba ki taɓa gaya mini garinku tsibiri yake zama ba? Kawu ya ce da rani da ƙafa ake shiga, yara har ƙwallo suke bugawa a rairayin kogin. Amma idan ruwa ya sauka sai kogin ya rabu biyu, ya zagaye garin, ba shiga ba fita sai da kwale-kwale.

A cikin wanda muka hau akwai katifar amarya, da buhun shinkafa, da akuya mai ta kuka, da wani dattijo da ya tattare babbar rigarsa ya rungume takalmansa. Na ƙanƙame gefen jirgin na rufe ido. Kawu ya yi dariya ya ce, "Ke 'yar wace ce? Uwarki tana kamar ke ita kaɗai take haye ruwan nan, a tsaye kuma." A tsaye, Inna? Ke da ko bakin rijiya ba kya bari mu je? Na buɗe ido don in ga ruwan da kika haye.

Akwai abin da na tafi da shi a raina, gara in faɗa miki yanzu tun da a baki ba zan iya ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin kin kira sunana ba. "Ke" nake, ko "waccan". Sani da Ummi kuwa kina kiransu, kina ɗora su a cinya, kina yi musu wasa. Na san an ce kunyar 'yar fari ce, kowa ya gaya mini haka. Amma bayan rasuwarki sai na riƙa tambayar kaina, kunyar ce kawai, ko dai ban kwanta miki a rai kamar su ba? A Gaya ba ni da wanda zan tambaya. Sai na ce idan na je wajen Iya da ta haife ki, ita za ta sani.

Iya ƙarama ce ashe, na kusa kamo ta a tsawo. Da na durƙusa na gaishe ta muryata ba ta fita sosai ba. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan ce ƙawar tawa? Ina bakin, ko an sayar a kasuwar Gaya?" Ma'u kuma tana hango ni ta ɗaga murya, "Ga baiwata ta iso! Zo ki wanke mini ƙafa." Na rasa inda zan sa kaina. Sai daga baya na gane wasan taubasai ne, tun da ita 'yar namiji ce ni 'yar mace.

Kafin a kama ta a sa ta a lalle, Ma'u ta riƙa jana yawo kullum bayan la'asar. Tsibirin ba shi da girma, kafin rana ta faɗi mun zagaye shi mun dawo. Amma abin kallo ba ya ƙarewa. Shinkafa kore shar har bakin ruwa. Balbelu a bayan shanu. Shamuwa ta yi sheƙa a kan tsamiyar masallaci, ba mai jifanta. Na ga masunta sun kifa ciki a kan manyan goruna suna yawo a ruwa kamar kwaɗi, na tsaya ina kallo har Ma'u ta ce idan ina son ɗaya daga cikinsu in faɗa a haɗa bikin da nata.

Ta tsinko mini bado ta ɓare, na ci. Kin san ban taɓa ganinsa ba? Ta nuna mini gawo, duk itatuwa sun yi ganye shi kaɗai ya kaɗe nasa, wai shi da damina ba sa shiri. Duk inda muka bi sai in ce a raina, ko Inna ta taka nan? Ko ta hau wannan ɗinyar? Ko ita ma ƙaya ta soke ta a wannan hanyar? Ma'u ba ta san ki kina yarinya ba, sai abin da ta ji a bakin babanta. Ta ce in tambayi Iya. Ba ta ce mini a ina ko yaushe ba.

Ranar sa lalle mata suka cika tsakar gida, har da dangin ango da suka hayo daga ƙetare. Ana tsince shinkafa ana hira. Wata tsohuwa ta kamo haɓata ta ce, "Kai, Dije ce sak, har goshin." Da na ji sunanki sai wani ƙarfin hali ya zo mini, ni da ba na magana a taro. Na juya na ce da ƙarfi, "Iya, yaya Inna take tana yarinya?"

Sai mata suka fashe da dariya, wasu suna rufe baki da mayafi. Iya ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Wa kenan? Ni ban san ta ba. Miƙo mini faifan can."

Inna, na miƙa mata faifan, na zagaya bayan rumbu na yi kuka. Na ce uwar da ta haife ki ma ta manta da ke.

Ma'u ce ta aiko a kira ni, tana zaune a ɗaki an ɗaure mata hannu da ƙafa da lalle. Ta ce, "Baiwar nan tawa wawuya ce. Uwarki ita ce 'yar farin Iya. A gaban surukai kike so tsohuwa ta buɗe baki?" Wallahi ban sani ba. Ni na ɗauka Kawu Sale ne babba saboda furfurarsa. Ashe ke ma "ke" ce a gidanku, ke ma "waccan" ce. Kin taɓa jin abin da nake ji? Wa kika tambaya?

Amma hankalina bai kwanta ba. Na ce idan har mutuwa ba ta cire wannan kunyar ba, to ni zan koma Gaya da tambayata kamar yadda na zo da ita.

Aka ɗaura aure a gindin tsamiya saboda masallacin ya yi wa jama'a kaɗan. Wani abokin ango ya zame a taɓon bakin ruwa da farar shaddarsa, yara suka bi shi da tafi har cikin gari. Da yamma aka kai amarya a kwale-kwale, mata suna waƙa, guɗa tana tafiya a kan ruwa har ana amsawa daga ƙetare. Ma'u tana kuka a cikin mayafi, amma duk da haka sai da ta zaro hannu ta mintsine ni.

Washegari da safe baƙi sun watse, ina haɗa kayana, Iya ta leƙo ta ce, "Ƙawata, ɗauko ƙwarya ki raka ni tsinkar tafasa." Na ɗauko na bi ta, har lokacin ina jin haushinta.

Tafasa tana nan a bayan gida birjik, amma Iya ta wuce ta. Muka bi ta gefen gonakin shinkafa, raɓa tana jiƙa mana zane. Da muka zo wani dutse a bakin ruwa ta nuna shi da baki ta ce, "Nan wata take wanki. Rabi wanki, rabi iyo." Muka ƙara gaba ta ce, "Wata ta faɗo daga kan ɗinyar nan, ta ɓoye ciwon har ya kumbura don kar a hana ta hawa." Ga wani mangwaro a gefen gonar Kawu, ta ce wata ce ta dasa shi, ta kewaye shi da ƙaya, ta yi dambe da wani yaro saboda akuyarsa ta ci ganyen.

Ba ta kalle ni ba ko sau ɗaya. Ni ma ban tambayi wace ce watan ba. Tsoro nake kar in yi magana ta daina.

Muka zauna a gindin mangwaron. A nan ta gaya mini a tsibirin aka haife ni, da kika zo goyon ciki. Wannan ma ban sani ba. Zan rubuta miki abin da ta ce yadda ta faɗa, don na haddace shi.

Ta ce, "A gaban mutane watan ko kallon jaririyar ba ta yi. Sai na yi mata faɗa take ba ta nono, ta kau da kai kamar an ba ta ajiyar wani. Ran nan da hantsi, bayan suna, duk mun tafi gona, sai na dawo ɗaukar lauje. Na ji magana ƙasa-ƙasa a ɗaki. Na leƙa ta asabari. Ta ɗora 'yar a ƙirji tana shinshinar kanta, tana ta faɗa, Rukayya, Rukayya, Rukayya, kamar mai biya allo. Na ja da baya a hankali, na bar laujen. Har ta koma ga Allah ba ta san na ji ba."

Inna, ashe kin kira ni. Ni ce ban yi wayon amsawa ba.

Na matsa kusa da Iya. Sai na ce, "Iya, ke ma kin yi wa watan haka?" Ta yi ta kallon kogi kamar tana jiran wani jirgi. Can ta ce, "Ke kin cika tambaya kamar ɗan sanda. Tashi mu je, rana za ta yi." Ta goge ido da gefen mayafi, ta ce wai ƙwaro ne ya faɗa mata. Muka koma gida ƙwaryar ba ko ganye ɗaya, ba wanda ya tambaye mu.

Yanzu na dawo Gaya. Har yanzu ina da tambayoyi da yawa, amma waccan babbar ta sauka daga ƙirjina. Iya ta ce in dawo da rani in ga garin babu ruwa, mu sake fita tsinkar wani abin.

Allah ya jiƙan ki, Inna. Allah ya yafe miki, ya yalwata kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya ba Ma'u zaman lafiya a ɗakinta, ya ƙara wa Iya lafiya da nisan kwana. Idan tamu ta zo Allah ya sa mu cika da imani, ya haɗa mu a inda za ki kira ni da ƙarfi kowa ya ji, ni kuma in amsa.

Na bar ki cikin amincin Allah.

'Yarki ta fari,
Rukayya